Sanarwar Bayan Taron Masu Shagunan Intanet da Buga Takardu Kan Tsare Sirrin Imel a Kwamfutar Haɗaka



Ƙungiyarmu ta masu shagunan intanet da buga takardu, waɗanda jama'a suka fi sani da masu kafe, ta yi zama na musamman ranar Asabar da ta gabata, daga hantsi har bayan la'asar. Masu shaguna sun halarta, da yaranmu da ke wuni gaban kwamfuta, da wasu malamai masu kula da ɗakin kwamfuta a makarantu, waɗanda aka gayyato saboda ciwonmu ɗaya. Magana ɗaya aka sa a gaba: yadda za a tsare sirrin imel ɗin mutum a kwamfutar da wannan zai tashi wancan ya zauna. Abin da ya jawo zaman shi ne ƙorafe-ƙorafen da suka yi wa shugabanni yawa, musamman a lokutan rajistar JAMB, da duba sakamakon WAEC da NECO, da rajistar bautar ƙasa, sa'ad da layi ke kaiwa bakin titi kuma kowa sauri yake yi.

An shigo zauren ana ta maganar masu kutse da 'yan damfara. Ba a jima ba mahalarta suka yarda cewa yawancin sirrin da ke fita, daga teburinmu yake fita. Da ɗan gari kan ci gari. Don haka taron ya fara da littafin nan da kusan kowane shago ke da shi.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Ɗalibi ya zo rajista, aka tambaye shi imel, ya ce ba shi da shi, "Oga, ka buɗe min kawai." Yaron shago ya buɗe masa cikin minti biyu, ya sa masa sunansa da shekarar haihuwarsa a matsayin kalmar sirri, ko lambar wayarsa, ko ma wata kalma guda da shagon ke sa wa kowa don kada a manta. Da aka zo wurin lambar da za a dawo da asusun in ya ɓace, ɗalibin bai zo da waya ba, ko wayar ta babarsa ce tana gida, sai yaron ya sa lambarsa. Daga nan ya jawo littafi mai bango mai kauri da ke gefen firinta, ya rubuta suna, da adireshin imel, da kalmar sirri, layi bayan layi. Littafin nan a kan tebur yake kwana. Mai jiran layi yana iya buɗe shi, kuma hoto ɗaya da waya ya isa a tafi da shafi guda cur.

Taron ya tsaya sosai a nan, domin imel ya wuce akwatin wasiƙa. Duk shafin da mutum ya manta kalmar sirrinsa, imel ɗinsa ake aika wa hanyar canza ta: shafin makaranta, da na bautar ƙasa, da Facebook, da shafukan neman aiki. Can ne banki ke turo bayanin shiga da fitar kuɗi. Wanda ya riƙe imel ɗin mutum ya riƙe sauran duka. Mahalarta sun ba da labarin ɗaliban da suka dawo bayan shekaru, sun gama digiri za su yi rajistar bautar ƙasa, suka tarar an rufe shagon, ko yaron da lambarsa ke kan asusun ya bar gari, ko layin nasa ya mutu kamfani ya sayar wa wani. An kuma tunatar da cewa tun watan Disamba na 2023 kamfanin Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba ana iya share shi, wanda ke nufin imel ɗin da aka buɗe wa yaro aka jefa a littafi yana iya ɓacewa da duk abin da ke cikinsa. Mafi muni, an ji cewa akwai masu karɓar kuɗi kafin su faɗa wa mutum kalmar sirrin imel ɗinsa na kansa. Taron ya yi tir da wannan, ya kuma kira shi da sunansa: cin amana ne.

Ba a wuce wurin nan salin alin ba. Wani dattijo cikinmu, wanda ya fara wannan sana'a tun zamanin da ake sayar da lokacin intanet awa-awa a tikiti, ya tashi ya kare littafin. Hujjarsa ita ce abokan cinikinmu ba sa riƙe kalmar sirri; ka ba mutum yau, jibi ya dawo da mahaifinsa ana ɗaga maka murya wai kai ka ɓatar masa da rajista, kuma littafin ne ke raba wannan gardama. Da yawa sun gyaɗa kai, don gaskiya ya faɗa. Wata 'yar'uwa mai shago kusa da makarantar 'yan mata ta amsa masa cikin ladabi, ta ce Baba, abin da ke raba gardama a shago shi ne kuma ke jawo wa yarinya saƙon baƙo da tsakar dare, domin duk wanda ya ga littafin ya ga sunanta da lambarta da mabuɗin hotunanta. Bayan doguwar muhawara aka tsaya a kan haka:

Daga yau, mai imel ne zai zaɓi kalmar sirrinsa, shi zai buga ta da hannunsa, yaron shago ya kau da kai. In bai iya kibod ba, a nuna masa, ko ya zo da ɗan'uwan da ya yarda da shi. Lambar dawo da asusu ta mai asusun ce ko ta mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Ba a yarda a sa lambar shago ko ta ma'aikaci ba ko da layi ya kai ina. Ƙungiya za ta buga ɗan kati wanda mutum zai rubuta adireshin imel ɗinsa da kalmar sirrinsa a kai ya tafi da shi gida ya ajiye cikin takardun makarantarsa, shago ba ya riƙe kwafi. Tsofaffin littattafan kuwa, kowane mai shago ya kulle nasa a durowa tun daga yau, ya yi ƙoƙarin kiran masu sunayen su canza kalmar sirri da lambar waya, bayan wata 3 kuma a ƙona su gaban wakilin ƙungiya.

Batu na biyu ya zo da nuni a aikace. Ɗaya daga cikin matasanmu ya kawo kwamfutar shagonsu, aka jona ta da majigi. Ya shiga imel ɗinsa, ya danna alamar rufewa da ke can kusurwar sama kamar yadda yawancin abokan ciniki ke yi, ya tashi. Wani ya zauna, ya buɗe Chrome, ya buga adireshin Gmail, sai ga wasiƙun na farko shimfiɗe a bango, ba a tambayi kowa komai ba. Dalili shi ne duk lokacin da mutum ya shiga, shafin yakan ajiye wani ɗan ƙaramin fayil a cikin burawuza, wanda ake kira kuki, shi ne shaidar cewa an riga an tantance mai shigowa. Rufe taga ba ya goge wannan shaida. Jawo ƙofa ne ba a sa kwaɗo ba. Sai an danna hoton asusun an zaɓi "Sign out" sannan an fita. Ko bayan an fita, Google kan bar adireshin mutum a jerin asusun da suka taɓa shiga, sai an cire shi da hannu.

Ya kuma nuna ɗan akwatin nan da ke leƙowa yana tambaya ko a ajiye kalmar sirri. Mutum cikin sauri yakan danna shuɗin maballi don ya kawar da shi, alhali ya miƙa mabuɗinsa ga kwamfutar. Da aka shiga saitin burawuzar aka ga jerin imel ɗin mutane da kalmomin sirrinsu a ajiye. Gaskiya ne cewa kafin a ga kalmar a fili akan nemi kalmar sirrin kwamfutar, to amma ita wannan ai mai shago da yaransa duk sun san ta. Akwai kuma tayin haɗa asusu da burawuza, wanda in mutum ya amsa, kalmomin sirrin da ya ajiye a wayarsa za su iya saukowa kan kwamfutar shago. Taron ya umarci kowane shago ya kashe ajiye kalmar sirri da cika fom kai tsaye a duk burawuzar da ke kwamfutocinsa, ya share waɗanda aka riga aka tara, cikin mako guda.

Daga nan aka shiga maganar tagar sirri, wadda wasu ke ɗauka maganin komai ce. A Chrome da Edge ana buɗe ta da Ctrl da Shift da N, a Firefox da Ctrl da Shift da P. Amfaninta na gaske ne: da zarar an rufe ta, kuki da tarihin shafukan da aka ziyarta da abin da aka cika a fom sun tafi. Taron ya amince cewa duk abokin cinikin da zai shiga imel, a ita ko a zaman baƙo na Chrome za a zaunar da shi. Amma an ja kunne kan iyakarta. In an buɗe tagar sirri biyu aka rufe ɗaya, zaman yana nan da rai har sai an rufe duka. Ba ta ɓoye wa mai kula da intanet ɗin shago ko makaranta shafukan da aka shiga. Ba ta hana manhajar leƙen asiri aiki. Kuma abin da ya fi shafarmu, ba ta goge fayil ɗin da aka sauke.

Da matashin ya buɗe jakar da ake sauke fayiloli a ciki, ɗakin ya yi tsit. Ga silif ɗin NIN na mutane, ga bayanin asusun banki na wata shida da wani ya bugo don neman biza, ga hotunan fasfo, ga takardar sakamakon gwajin asibiti ta wata baiwar Allah da cikakken sunanta a kan fayil ɗin. Wasu sun fi shekara a wurin. Mai kwamfutar bai yi da mugun nufi ba, kuma babu wanda ya tsangwame shi, don kowa ya san tasa kwamfutar haka take. Hukuncin taro: duk takardar da aka sauke ko aka yi wa sikanin don bugawa, a goge ta gaban mai ita kafin ya biya kuɗi, a kuma zubar da kwandon shara na kwamfutar, domin abin da aka jefa a kwandon yana nan har sai an zubar. Da yamma kafin a rufe shago, a sake bi a share. Takardun da firinta ta ɓata su ma sun shiga wannan hukunci. Kada a ƙara ba masu ƙosai da gyaɗa takardar da ke ɗauke da sunan mutum ko lambar asusunsa, a yayyaga ta.

An taɓo WhatsApp a gurguje, tunda yawancin masu zuwa bugawa ta nan suke turo takarda. Wanda ya ɗauki hoton lambar nan mai murabba'i ya jona WhatsApp ɗinsa da kwamfutar shago, hirarsa tana nan a buɗe bayan ya tafi. Manhajar tana ba da damar jona na'ura har 4, kuma mai waya yana iya ganin su ya cire su daga wayarsa. Abin da aka fi so shi ne mutum ya turo takardar zuwa lambar shago, a buga, a goge.

Batun na'urar satar rubutu ya ɗauki lokaci, domin shi ne wanda fita daga asusu da tagar sirri duk ba sa magancewa. Iri biyu ce. Akwai manhaja da ke ɓoye a cikin kwamfuta tana rubuta duk maballin da aka danna, kuma sau da yawa tana shigowa ne ta manhajojin sata da muke saukewa kyauta ko ta filashin abokan ciniki. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai kama da filashi da ake saƙalawa tsakanin wayar kibod da kwamfuta, wadda manhajar kashe bairos ba ta ganinta. Ido ne kawai ke kama ta. An wajabta wa kowane shago duba bayan kwamfutocinsa kowace safiya, da raba asusun mai kula da na abokan ciniki a Windows, yadda baƙo ba zai iya sa wata manhaja ba.

Ga jama'a kuwa, kariyar da taron ya fi ƙarfafawa ita ce tantancewa mai mataki biyu, wadda Google ya buɗe wa kowa tun 2011. In an kunna ta, ko an saci kalmar sirri ba a shiga sai da lambar da za ta zo wayar mai asusun ko amincewarsa a kan wayar. Ga wanda wayarsa kan mutu ko sabis kan yanke masa, Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. A buga su a ajiye a gida. Kada a yarda a danna zaɓin da ke cewa kada a sake tambaya a wannan kwamfutar. Lambar da ta zo waya kuma ba a karanta wa yaron shago ita da ƙarfi a cikin taro, mai ita ne zai buga.

Wanda ya tuna a hanya cewa bai fita daga imel ɗinsa ba, ba sai ya juyo da Keke Napep ba. Daga wayarsa zai shiga asusunsa na Google, sashen tsaro, ya ga jerin na'urorin da ke ciki, ya fitar da wadda ba tasa ba, ya canza kalmar sirri. A ƙasan shafin Gmail na kwamfuta akwai wurin da ke nuna lokutan da aka shiga na baya-bayan nan da inda aka shigo. Wanda ke zargin an taɓa masa asusu ya duba abu biyu da mutane ke mantawa: ko an canza lambar dawo da asusu, da ko an saita a riƙa tura kwafin wasiƙunsa zuwa wani adireshi. Ɓarawo mai wayo wannan yake yi, ya fita abinsa, wasiƙu na bin sa ko an canza kalmar sirri.

Malaman makaranta sun ja hankali zuwa kwamfutar ofis da ta gida, inda masu amfani suka san juna. A nan maganin farko shi ne kowa ya sami asusunsa na Windows da kalmar sirrinsa, kuma in zai tashi ko salla ce ya danna maballin Windows da L ya kulle. An yi gargaɗi kan manhajojin karanta imel irin su Outlook da Thunderbird, domin su sauke wasiƙu suke yi su ajiye a cikin kwamfutar. Babbar kalmar sirri ta Thunderbird kalmomin sirri take tsarewa, wasiƙun da aka riga aka sauke suna nan ana iya karanta su. Kuma mai asusun kula yana iya buɗe fayilolin kowa. Don haka a kwamfutar da ba kai ke da ikon kula da ita ba, ta burawuza za ka karanta imel, kada ka sa shi a irin waɗannan manhajoji. Wani ya so a tattauna ko miji na da ikon duba imel ɗin matarsa. Shugaba ya ce wannan ba hurumin ƙungiya ba ne, amma ba a yarda wani shago ya buɗe wa kowa asusun wani ba, miji ne ko uba ko maigida, komai rantsuwar da ya yi.

Taron ya tunatar da 'yan ƙungiya cewa wannan ba alfarma muke yi wa kowa ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta mai da shiga kwamfuta ko asusun wani ba izini laifi, kuma sashenta na 7 ya ɗora wa masu kafe yin rajista da hukumar CAC da majalisar ƙwararrun kwamfuta ta CPN, da ajiye rajistar masu shiga shago. An jaddada cewa rajistar da doka ta ce a ajiye ta sunan wanda ya shigo ce, ba ta ce a karɓi kalmar sirrin kowa ba. Sai Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ce wanda ke riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar cikin awa 72 in suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Limamin da ya buɗe taro da addu'a ya ƙara da cewa tun kafin waɗannan dokoki, aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana bin diddigin sirrin mutane.

Akwai abin da ba a cim ma matsaya a kansa ba. Kwamfutoci da yawa a shagunanmu na hannu ne, wasu har yanzu Windows 7 ke kansu, wadda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, kuma Chrome ma ya daina sabunta kansa a kanta tun farkon 2023. Windows 10 ita ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wasu sun nemi a hana shiga imel a irin waɗannan kwamfutoci nan take, wasu suka ce da kuɗin man janareta za su ji ko da sabuwar kwamfuta. Haka aka rabu kan manhajar Deep Freeze, wadda ke mai da kwamfuta yadda aka saita ta duk lokacin da aka kashe aka kunna. Kowa ya yaba aikinta, kuɗin lasisi ne ya raba kawuna, kuma taron ya ƙi amincewa da shawarar a sa ta sata, tunda ta nan ɓarnar ke shigowa. Abin da aka yarda da shi a wannan babi guda ne: kwamfutar da za a sayar ko a kai wa mai gyara, sai an goge bayanan mutane daga cikinta gogewa ta gaske, domin fomatin na gaggawa ba ya hana a dawo da fayil.

An kafa kwamitin mutum 5, ciki har da mace ɗaya da wakilin yaran shago, wanda zai zaga shaguna ba sanarwa ya duba jakar saukewa da saitin burawuza da bayan kwamfuta. Shagon da aka samu da sakaci za a yi masa gargaɗi, in ya maimaita a ci shi tara. Wanda aka kama ya shiga imel ɗin abokin ciniki, ko ya sayar da bayanansa, ko ya karɓi kuɗi kafin ya ba shi kalmar sirrinsa, za a kore shi daga ƙungiya, kuma ƙungiya ba za ta je belinsa ba. Za a buga taƙaitaccen bayani da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a saman kowace kwamfuta. Duk wanda ke da ƙorafi kan wani shago na ƙungiya ya kai wa sakatare a ofis, ba a karɓar ko sisi.

Taron ya gode wa malaman da suka amsa gayyata da matashin da ya yarda aka buɗe kwamfutarsa a gaban jama'a. Kwamiti zai kawo rahotonsa na farko, tare da farashin lasisin manhajar Deep Freeze, a zaman wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare
A madadin ƙungiya